Daga Mataki Biyu Zuwa Huɗu: Tarihin Sigina Mai Matakai da Yadda Ake Gwada Ta

Duk saƙon da wata kwamfuta ke aika wa 'yar'uwarta yana tafiya ne a matsayin ƙarfin lantarki da ke hawa yana sauka a cikin waya, ko hasken leza da ke ƙaruwa yana raguwa a cikin zaren gilashi. Hanya mafi sauƙi ita ce a tsaya kan mataki biyu, na sama a madadin 1, na ƙasa a madadin 0. Wannan tsari shi ake kira NRZ, kuma kowane bugu a cikinsa bit ɗaya yake ɗauka. Mai son ninka yawan saƙon da ke wucewa a sakan guda yana da zaɓi uku: ya ƙara wayoyi, ya ƙara saurin bugu, ko ya ƙara yawan matakai ta yadda kowane bugu zai ɗauki kaya fiye da da. In matakan huɗu ne, bugu ɗaya zai ɗauki bit biyu, wato 00, 01, 11 ko 10, kuma shi ne tsarin PAM4. Zaɓi na ukun ya girmi kwamfuta, amma masu ƙera hanyoyin sadarwa mafiya sauri sun daɗe suna kauce masa. Sai da waya ta ƙi ɗaukar ƙarin sauri suka koma gare shi, kuma komawar ta tilasta musu sake ma'anar hanya mai lafiya da yadda ake tabbatar da lafiyarta.

A ƙarƙashin teku matsalar ta fara bayyana. Wayar tangarahu ta kan tudu, irin wadda Samuel Morse ya buɗe tsakanin Washington da Baltimore a 1844, ba ta da wata rigima: a danna maɓalli lantarki ya gudana, a saki ya tsaya. Kebul ɗin cikin ruwa kuwa yana tara caji a jikinsa, ya riƙa sakinsa a hankali. Bugun da aka aika gajere mai kaifi sai ya isa ɗaya gaɓar a baje, yana jan doguwar wutsiya, wutsiyar kuma ta hau kan bugun da ke biye da shi. William Thomson, wanda daga baya ya zama Lord Kelvin, ya lissafa a tsakiyar shekarun 1850 cewa in aka ninka tsawon kebul sau biyu, jinkirin ninkawa yake yi sau huɗu. Kebul na farko da ya ratsa Tekun Atlantika, daga Ireland zuwa Newfoundland a watan Agusta na 1858, ya gaskata shi. Gaisuwar da Sarauniya Victoria ta aika wa Shugaba James Buchanan ba ta kai kalma 100 ba, amma ta cinye kusan sa'o'i 16. Wildman Whitehouse, mai kula da lantarkin kamfanin, ya ga maganin shi ne a ƙara ƙarfi, ya tura wa kebul ɗin wajen volt 2,000, cikin 'yan makonni kebul ya mutu. Thomson ya bi ta wata hanya daban: ya ƙera na'ura mai ɗan ƙaramin madubi da ke iya jin lantarki mafi rauni. Masu tangarahun teku suka kuma daina bambance ɗigo da layi ta tsawon bugu, suka koma bambance su ta inda lantarkin ya fuskanta, ɗigo ta nan, layi ta can, tazara kuma babu lantarki. Hali uku ke nan a waya guda.

An yi shekaru sittin da 'yan kai kafin a sa wa al'amarin matakai lissafi. Harry Nyquist, haifaffen Suwidin da ke aiki a kamfanin AT&T na Amurka, ya nuna a 1924 cewa saurin isar da saƙo ya dogara ne da abu biyu, yawan bugu a sakan da yawan matakan da kowane bugu zai iya ɗauka. A 1928 ya ƙara da cewa hanyar da faɗinta ya kai wani adadi na haz ba za ta ɗauki bugu fiye da ninki biyu na wannan adadi ba tare da bugun sun cakuɗe ba. A shekarar ce kuma Ralph Hartley ya fayyace ribar matakai: biyu suna ba da bit ɗaya, huɗu bit biyu, takwas bit uku, goma sha shida bit huɗu. Kowane ƙarin bit ɗaya sai an ninka matakai. Abin da ya rage shi ne sanin inda ninkawar za ta tsaya, kuma Claude Shannon ya ba da amsa a 1948: hayaniya ce ke tsayar da ita. Kowace waya tana da ƙaramar hayaniyar lantarki da ba ta rabuwa da ita, kuma muddin tazarar da ke tsakanin matakai ta kusa kai girman hayaniyar, mai karɓa ba zai iya rarrabe su ba.

Nan ne kuɗin cinikin yake. Mudu cike da mudu fanko ana bambance su daga nesa, ko da magariba; amma a ce mutum ya faɗi ko hatsin ciki sulusi ne ko sulusi biyu, sai ya matso kusa. Ƙarfin da mai aikawa zai iya fitarwa yana da iyaka, saboda haka in aka cusa matakai huɗu a inda da akwai biyu, tazarar da ke tsakanin kowane maƙwabta biyu ta koma kashi ɗaya cikin uku. A ma'aunin injiniyoyi asarar desibel 9.5 ke nan tun kafin sigina ta bar gida. Ribar ita ce saurin bugu ya ragu da rabi. Duk muhawarar da aka yi ta yi daga baya ba ta wuce auna wannan asara da wannan riba ba.

Layin tarho ne ya fara biyan kuɗin, domin ba shi da wata mafita. An gina shi don muryar ɗan Adam, faɗinsa daga haz 300 zuwa 3,400 ne kawai, kuma ba mai iya faɗaɗa shi. Modem ɗin Bell 103 na 1962 bit 300 yake turawa a sakan. Modem ɗin V.34 na tsakiyar shekarun 1990 ya kai bit 33,600 a kan layi iri ɗaya, da bugu 3,429 kacal a sakan, wato kusan bit 10 a kowane bugu, ta hanyar sauya girman igiyar sigina da zubinta a lokaci guda, tsarin da ake kira QAM. Dabarun da suka sa hakan ya yiwu su ne jarin da kowa ke ci har yau. Robert Lucky na Bell Labs ya fito a 1965 da madaidaici mai saita kansa, wanda ke auna wutsiyar da layi ke jawowa ya soke ta. Bayan shekara biyu aka bayyana wani madaidaicin, DFE, wanda ke duba bugun da ya riga ya yanke wa hukunci ya cire wutsiyarsa daga wanda ke tafe. Gottfried Ungerboeck na ɗakin binciken IBM da ke Zurich ya nuna a 1982 yadda za a ƙara matakai fiye da buƙata a yi amfani da rarar wajen kare saƙo daga kuskure. Akwai kuma jerin Frank Gray, wanda ya sami rajistar ƙirƙira a 1953: a jera lambobin yadda maƙwabta biyu za su bambanta da bit ɗaya kawai. Shi ya sa ake rubuta 00, 01, 11, 10, domin in mai karɓa ya zame zuwa matakin da ke kusa, bit ɗaya ya ɓata, ba biyu ba.

PAM4 kanta ta shiga gidajen mutane tun 1988, da wani suna. Ƙa'idar ISDN ta Amurka ta zaɓi tsarin 2B1Q, matakai huɗu da bugu 80,000 a sakan, don tura kilobit 160 a kan tsohuwar wayar tarho mai tsawon da ya kai kilomita 5.5. Ethernet ta ofis ta bi sahu, ita ma saboda wayar da aka riga aka binne a bango. 100BASE-TX na 1995 ya yi amfani da matakai uku. Da aka zo gigabit a 1999, kwamitin IEEE 802.3 ya ɗaure wa kansa cewa sai sabon tsarin ya yi aiki a kan kebul ɗin Cat 5 mai mita 100, don haka 1000BASE-T ya bar saurin bugu a miliyan 125 kamar na baya, ya yi amfani da tagwayen waya huɗu gaba ɗaya, kowanne yana kai da kawowa a lokaci guda, da matakai biyar. Matakai biyar a kan tagwaye huɗu suna ba da haɗi 625, alhali bit takwas haɗi 256 kawai suke buƙata. Rarar ta tafi ga dabarar Ungerboeck. 10GBASE-T na 2006 ya kai matakai 16 da bugu miliyan 800. Ya yi aiki, sai dai ƙwayoyin silikon ɗinsa na farko sun yi cin wuta da jinkiri, har manyan rumbunan bayanai suka fi karkata ga gajerun kebul na musamman da zaren gilashi.

Hanyoyin da suka fi kowa sauri kuwa, waɗanda ke haɗa ƙwayar silikon da 'yar'uwarta a kan allo, ko allo da allo a cikin akwati, ko leza da zaren gilashi, sun yi zamansu a kan NRZ. PCI Express ya fara da bugu biliyan 2.5 a 2003 ya kai biliyan 32 a 2019, duk da mataki biyu. Dalilin a fili yake: mai karɓar NRZ tambaya ɗaya yake yi, sama ne ko ƙasa, kuma kowane sabon zamanin silikon yana iya yin tambayar da sauri fiye da na baya. Da aka tsara Ethernet mai gigabit 10 a cikin akwati, ƙa'idar 802.3ap ta 2007, an kawo shawarar PAM4, aka duba, aka ajiye.

Gwajin wannan zamani ya tsaya ne a kan na'ura biyu. Ta farko osiloskop, wadda ke ɗora dubban bugu a kan juna a allo guda har su zana siffa mai kama da ido. Tsayin buɗewar idon yana nuna rarar da ta rage a kan hayaniya, faɗinsa kuma rarar da ta rage a kan karkarwar lokaci, wato zuwan bugu kafin lokacinsa ko bayansa. Ƙa'idoji sukan zana wani fili a tsakiyar idon su ce kada sigina ta taka shi, kuma gogaggen injiniya kan gane ciwon hanya da kallo ɗaya. Ta biyu na'urar ƙidayar kuskure ce, wadda ke tura sanannen jerin bit ta kwatanta abin da ya fito da abin da ya shiga. Jerin yana kama da na kara-zube amma lissafaffe ne: PRBS7 yana maimaita kansa bayan bit 127, PRBS31 sai bayan bit 2,147,483,647, kuma dogon ya fi tsanani saboda yana ƙunshe da dogayen sahu na 1 zalla ko 0 zalla da ke gigita agogon mai karɓa. Mizanin da aka saba shi ne kada kuskure ya wuce ɗaya cikin tiriliyan. Don a tabbatar da hakan da yaƙinin kashi 95 cikin 100, sai bit tiriliyan 3 sun wuce babu kuskure ko ɗaya, wato minti 5 a hanya mai gigabit 10. In aka tsananta mizanin sau dubu, gwajin ya koma kwana uku da rabi, abin da babu masana'antar da za ta jure. Shi ya sa aka koyi raba karkarwar lokaci gida biyu, mai iyaka da ta kara-zube, a auna na ɗan lokaci a ƙiyasta sauran da lissafi.

Jan ƙarfe ne ya kawo ƙarshen wannan zaman lafiya. Gwargwadon yadda sigina ke ƙara saurin kaɗawa, lantarki yana barin tsakiyar waya ya takure a fatarta, kayan da aka yi allon da su kuma suna shanye wani kaso su mai da shi zafi. NRZ mai gigabit 56 tana buƙatar hanya ta ɗauki gigahaz 28, PAM4 mai gigabit 56 kuwa gigahaz 14 ya ishe ta. Lissafin sai ya zama mai sauƙin faɗa: in asarar hanya a gigahaz 28 ta fi ta gigahaz 14 da abin da ya wuce desibel 9.5, PAM4 ta ci riba. A kan dogon allo mai mahaɗai biyu, bambancin ya wuce haka nesa ba kusa ba. Ƙa'idar 802.3bj ta 2014 ta raba gardama ta hanyar amincewa da duka biyun don gigabit 100: 100GBASE-KR4 mai NRZ, da 100GBASE-KP4 mai PAM4 don tsofaffin alluna. Kasuwa ta zaɓi na farko, na biyun kusan ba wanda ya ƙera. Sai dai ya bar gado, domin tsarin gyaran kuskuren da aka rubuta masa shi ne ya zama ginshiƙin duk abin da ya biyo baya, har yau kuma da sunan KP4 ake kiran sa.

Juyin ya tabbata ne da 802.3bs, ƙa'idar gigabit 200 da 400 da aka amince da ita a Disamba 2017. In ban da nau'i guda mai layi 16 na NRZ, duk nau'o'in zaren gilashin da ke cikinta PAM4 ne: wasu da layi takwas masu bugu biliyan 26.5625, 400GBASE-DR4 kuma da layi huɗu masu bugu biliyan 53.125 a tsawon mita 500. Abin da ya fi zaɓen matakai huɗu nauyi shi ne kwamitin ya yarda cewa hanyar za ta riƙa kuskure, kuma kuskure mai yawa. An ƙyale kuskure ya kai 2.4 cikin 10,000 kafin gyara. A layi guda mai gigabit 53, wannan ya haura kuskure miliyan 12 a kowane sakan, a kan hanyar da aka ce lafiyarta ƙalau. Mai share wannan ɓarna shi ne tsarin da Irving Reed da Gustave Solomon suka wallafa tun 1960. Ana ɗaukar alamomi 514, kowace mai bit 10, a ƙara musu 30 na kariya su zama 544, kuma mai karɓa zai iya gyara kowaɗanne 15 da suka lalace a cikin wannan ƙunshi. Bayan gyara, kuskuren da ake sa rai bai wuce ɗaya cikin tiriliyan 10 ba. Galibi kariyar ce ta sa gigabit 400 na saƙo ke tafiya a matsayin gigabit 425 a kan waya.

Daga nan tsofaffin gwaje-gwajen suka daina amsa tambayar da ake yi musu. Idon ya zama uku, ɗaya bisa ɗaya, kuma ba lallai su zo daidai ba. Na'urar ƙara ƙarfi takan matse matakan gefe in ta kusa iyakarta, sai idon sama ko na ƙasa ya ƙanƙance, kuma mafi ƙanƙanta shi ke yanke yawan kuskure. Aka ƙirƙiro ma'aunin RLM don auna daidaiton tazarar matakan, inda 1 ke nufin daidai wa daida, ƙa'idar kuma ta nemi aƙalla 0.95 a mahaɗan lantarkinta. A wasu nau'o'in leza idanun ma ba sa tsayawa a layi ɗaya, na sama yakan riga na ƙasa buɗewa, alhali mai karɓa lokaci guda yake duba su duka. Sauyin mataki a NRZ iri biyu ne, hawa da sauka. A PAM4 iri 12 ne, wasu gajeru wasu dogaye, kuma ba sa ratsa tsakiya a lokaci ɗaya, abin da ke rage faɗin ido ya kuma wahalar da agogo. Jerin gwaji ma sai da aka sake: PRBS13Q mai bugu 8,191, da SSPRQ mai bugu 65,535, wanda aka tsara don ya tara tsananin dogon jeri a cikin tsawon da osiloskop zai iya kamawa.

Babbar matsalar ita ce a ƙarshen hanya sau da yawa babu idon da za a duba, a rufe yake ruf, sai madaidaicin da ke can cikin ƙwayar silikon ya buɗe shi, inda babu na'urar awo da ke kaiwa. Don haka ƙa'idar ta sa na'urar awo ta kwaikwayi mai karɓa. Ma'aunin TDECQ, wanda ya maye gurbin fili a tsakiyar ido wajen gwada leza, haka yake aiki: a tura SSPRQ ta cikin zaren gilashi mafi muni da ƙa'ida ta yarda da shi, osiloskop ya kama siginar, manhaja ta bi da ita ta cikin madaidaici na lissafi mai ƙafa biyar, a yanki tsaga biyu a kusa da tsakiyar bugu, sannan a lissafa yawan hayaniyar da za a iya ƙarawa kafin kuskuren bugu ya kai 4.8 cikin 10,000. A kwatanta wannan da abin da leza marar aibi za ta jure, bambancin shi ne sakamako, kuma ga DR4 kada ya wuce desibel 3.4. Ma'aunin ya sha suka a farkon zamaninsa, saboda madaidaicin lissafin ba shi ne ainihin wanda ke cikin kayan kasuwa ba, kuma an yi ta yi masa kwaskwarima a ƙa'idojin da suka biyo baya. Sukar tana da tushe. Amma wani tsohon gwajin leza da shi ma ya gada yana buƙatar leza ta ƙwarai da za a riƙa kwatantawa da ita, kuma a wannan sauri samun irinta a ɗakin gwaji ya fi rubuta ta a lissafi wuya.

Hanyar jan ƙarfe ita ma ta koma hannun manhaja. Tun 802.3bj aka shigo da COM: a auna yadda allo ko kebul ke rage sigina da mayar da ita baya da yoyo daga maƙwabtan layuka, a zuba awon a cikin wani shiri da kwamitin ya wallafa, shirin ya haɗa shi da mai aikawa da mai karɓa na lissafi ya fitar da lamba guda. In ta kai desibel 3, hanya ta ci. Amfaninsa shi ne mai ƙera allo yana iya musayar aibi da aibi, ya jure ƙarin asara in yoyonsa kaɗan ne, maimakon kowane aibi ya kasance da nasa shingen.

Ƙidayar kuskure ma ta sauya fuska, kuma a nan ne aka fi yin tuntuɓe. Tsarin Reed da Solomon bai damu da jimillar kuskure ba, ya damu ne da yadda suka taru. Hanyoyi biyu na iya zuwa da adadin kuskure iri ɗaya, ɗaya nata a warwatse, ɗaya a cunkushe. Ta farko ba za ta yi asarar komai ba, ta biyun kuwa duk ƙunshin da alamominsa 16 suka lalace ya tafi. DFE na daga cikin masu jawo cunkoso, domin in ya yi kuskure sau ɗaya zai cire wutsiyar da ba ita ba daga bugu na gaba, kuskure ya haifi kuskure. An tanadi wata dabarar sake jera bugu tun daga wurin mai aikawa, wadda ke mai da dogon sahun kuskure ya zama biyu kacal, na farkonsa da na ƙarshensa. Na'urorin gwaji na yanzu suna ƙirga ƙunshi nawa ne suka zo da alama ɗaya a lalace, nawa da biyu, har zuwa 15, kuma daga yadda adadin ke raguwa ake gane nisan hanya da bakin rami. Mai karɓa kuma ana gwada shi ne da sigina da aka lalata da gangan, aka zuba mata hayaniya da karkarwa gwargwadon awo. Bayan duk wannan, kamfanoni kan kai kayansu a haɗa da na abokan hamayya, a wurare irin ɗakin gwajin Jami'ar New Hampshire, saboda cin jarrabawar ƙa'ida bai taɓa zama tabbacin cewa kaya biyu za su fahimci juna ba.

Sauran fannoni sun biyo baya, kowanne da irin nasa ciniki. PCI Express 6.0 na Janairu 2022 ya ninka sauri zuwa gigabit 64 a layi da PAM4, ya bar buƙatar hanya a gigahaz 16 kamar na baya. Amma hanyar da ke tsakanin ƙwaƙwalwar kwamfuta da kayan cikinta ba za ta jure jinkirin gyara irin na Ethernet ba, don haka aka nemi kuskure kada ya wuce ɗaya cikin miliyan, aka yanka saƙo ƙunshi-ƙunshi na bayit 256, aka ware 6 don gyara mai sauƙi da 8 don gano abin da ya tsallake, wanda ya lalace kuma a sake aiko shi. Micron da Nvidia sun sa PAM4 a ma'adanar GDDR6X ta katin hoto a 2020. GDDR7 da ta biyo baya a 2024 sai ta sauko zuwa matakai uku, tana ɗaukar bit uku a bugu biyu, haka ma sabon USB4 mai gigabit 80 na 2022, wanda ke cusa bit 11 a bugu bakwai. Asarar matakai uku desibel 6 ce, kuma a gajeriyar hanya wannan ragi ya fi ragin saurin bugu amfani. Ethernet ta cikin mota ma matakai uku ta zaɓa a 2015 da 2016, kafin ta hau huɗu a 2020.

Ethernet ta rumbunan bayanai ta kai gigabit 100 a layin lantarki guda da 802.3ck a 2022, ta kai jimillar gigabit 800 da 802.3df a 2024. Da aka zo tsara gigabit 200 a layi guda don terabit 1.6, an sake buɗe tsohuwar muhawara, wannan karon tsakanin matakai huɗu da shida da takwas, PAM4 ta sake tsira. Saurin bugu ya zama biliyan 106.25, kowane bugu bai kai pikosakan 10 ba, lokacin da haske kansa bai cika tafiyar milimita 3 ba, kuma wasu nau'o'in zaren gilashin an ƙara musu gyaran kuskure na biyu a ƙarƙashin na KP4. Ƙungiyar masana'antu ta OIF ta riga ta buɗe aiki kan gigabit 448 a layi guda. PAM4 a wannan sauri za ta buƙaci hanya da na'urorin awo masu kai wa gigahaz 112. PAM6, mai ɗaukar bit biyar a bugu biyu, za ta rage buƙatar zuwa wajen gigahaz 90 da asarar desibel 14, PAM8 kuma zuwa wajen gigahaz 75 da asarar kusan desibel 17, da idanu bakwai da za a auna a maimakon uku.